Mu Sa Sunan Mamatanmu A Rajista

 A wannan wata za mu taɓo wata magana da muke yi wa riƙon sakainar kashi, wato rajistar mutuwa.

Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. To, a harkar lafiya kima ba ta isa ba, sai an yi awo da mudu ɗaya. Shi ya sa tun 1948 Hukumar Lafiya ta Duniya take riƙe da wani kundi da ya bai wa kowace cuta lamba tata. A bugu na 10, zazzaɓin cizon sauro yana tsakanin B50 da B54. Idan likita a Kumasi ya rubuta wannan lamba, takwaransa na Faransa ya san abin da ake nufi. Bugu na 11 ya fara aiki a 2022.

A nan Gana, tun 2012 asibitoci ke aika alƙalumansu ta kwamfuta cikin tsarin DHIMS2. Daga irin waɗannan alƙaluma ne ake kwatanta ƙasa da ƙasa, a ga inda hawan jini ko haihuwa ke kashe mutane, a san inda za a kai magani da ma'aikata.

Amma fa abin da ba a rubuta ba, ba a ƙidaya shi. Rahoton da Hukumar ta fitar a 2021 ya nuna cewa kashi 10 cikin 100 kawai na mace-macen Afirka ake yi wa rajista, alhali a Turai kashi 98 ne. Mu kuwa a Nima ko Aboabo, dattijo zai rasu a gida da asuba, kafin la'asar an kai shi makwanci. Gaggauta jana'iza koyarwar addininmu ce, babu ja. Sai dai sau da yawa daga nan shiru, babu takardar likita, babu sunan cutar. Ke nan ciwon da ke cin zango bai shiga lissafin ƙasa ba, balle na duniya.

Don haka muna roƙon limamai da sarakunan zango su riƙa tambayar takarda kamar yadda suke tambayar bashin mamaci. Dokar 2020 ta wajabta rajistar haihuwa da ta mutuwa. Ranar rabon gado ma marayu za su nemi takardar nan.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya sa mu cika da imani. Sai wata mai zuwa.