Wa Ya Kai Yaran Daji, Yunwa Ko Kishiyar Uwa?

A 1812 wasu Jamusawa biyu, wa da ƙane, Jacob da Wilhelm Grimm, suka buga tatsuniyoyin da suka tattara a ƙasarsu. Bahaushe ya san wasunsu ko bai taɓa jin sunan masu littafin ba, domin Abubakar Imam ya ɗebo daga can ya sa musu riga da hula a Magana Jari Ce.

Wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce ta Hansel da ƙanwarsa Gretel. Yunwa ta faɗa wa ƙasa, gidan wani mai saran itace ya wayi gari babu na sawa a baka, matarsa ta ce a kai yara daji a baro su. Mutumin Damargu ba sai an yi masa dogon bayani ba. Daga Tanut zuwa Balbeji an ga 1973, an ga 1984, an ga 2005, shekarun da ƙasar da ake kira rumbun hatsi ta rasa na fura.

A bugun farko, uwar da ta haife su ce ta kawo shawarar. Sai a bugun 1840 aka mai da ita kishiyar uwa, don hankalin mai karatu ya kwanta. Haka aka ɗauke laifi daga kan yunwa aka ɗora wa mace. Mu ma gatanarmu haka take: kishiyar uwa ce kullum mai tura marainiya ƙetaren kogi.

To uban fa? Ya yarda, har sau biyu ya shige gaba ya kai 'ya'yansa daji. Da yaran suka tsira daga mayya suka dawo da dukiya, matar ta mutu, shi kuwa ya zauna ya ci arziki, ba wanda ya ce masa kanzil. Wannan hukunci ban yarda da shi ba. Na sha ganin irinsa: a sayar da hatsi da araha tun kaka, maigida ya tafi ci-rani Libiya ko Najeriya, a bar mace da yara da rumbu wayam, in yaro ya rame a ce sakacin uwa ne.

Malaman lakwal, ku karanta wa yara wannan tatsuniya, sannan ku tambaye su laifin uban. Ku kuma magidanta, kafin ku kai damin ƙarshe kasuwar Tanut, ku ƙirga bakunan da za ku bari a gida har saukar damina.