Priz mai tartsatsi ba ya jiran ƙarshen wata

Wani dare a watan Afrilun da ya wuce, ina kwance sai na ji ƙauri kamar an jefa leda a murhu. Na duba wajen girki, babu komai. Ashe priz ɗin da ke bayan firigo ne, murfinsa ya yi baƙi ƙirin, da na taɓa sai da ya ƙona mini yatsa. Sati biyu yana ƴar ƙara duk lokacin da firigon ya tashi, ni kuma ina cewa bari a yi albashi. Yarana uku na barci kan tabarma, taku biyu daga wurin.

Idan gobara ta tashi a gida ko a kasuwa, bakinmu ɗaya: an ɗauke wuta, an maido ta da ƙarfi. Hakan na faruwa, ban musa ba. Amma a ganina babban laifin yana cikin bangonmu.

Dubi kayan da muke saye a nan Maradi. Fanka, dutsen guga, hita, da yawansu ta Kano da Katsina suke shigowa, da kai mai ƙafa uku masu kusurwa irin na Ingila. Priz ɗinmu kuwa irin na Faransa ne, mai rami zagaye. Sai a nemo adafta mai arha da ke rawa a cikin rami, ko a yanke kan gaba ɗaya a cusa waya tsirara a tokare ta da tsinken ashana. Na ga hakan har a masallaci. Duk inda ƙarfe bai kama ƙarfe da kyau ba, wuta tsallake take yi, wurin ya yi zafi, roba ta narke. Kuma dijonkter ba lalle ya faɗi ba, don shi yawan wutar da ake ja yake lura da shi, bai san waya ta saki ba.

Ɗan walƙiya shuɗi lokacin da ka soka cajar waya ba abin tsoro ba ne. Abin tsoro shi ne tartsatsi ja ko rawaya, ƙauri, ƙara, ko murfi mai ɗumi. Priz na amfiya 16 a kan volt 220 iyakarsa wajen wat 3500, shi ma sai an ja masa waya mai kauri 2,5. Mai gyaran da na kira ya tarar da siririyar wayar fitila aka sa mini, kuma na ɗora mata firigo da ralonj mai baki biyar.

Masu gidajen haya, da ku nake. Wanda ya iya sa tayil a falo ya iya sayen waya ta ƙwarai, ya sa na'urar kariya ta miliamfiya 30 wadda ke yanke wuta idan ta kama mutum. Mu ƴan haya kuma mu riƙa buɗe priz ɗaya tare da mai gyara kafin mu biya kuɗin wata uku, kamar yadda muke murɗa famfo mu ga ko akwai ruwa.

A daren nan hannuna ya fara zuwa kan bokiti, matata ce ta riƙe ni ta ce, "Malam, kontar tukuna!" Ruwa a kan wutar lantarki kisa yake yi. A kashe daga kontar, a zuba yashi in ta kama, a kira ƴan kwana-kwana a lamba 18. Washegari gyaran, har da sabon priz da kuɗin hannu, bai kai abin da nake kashewa a katin waya a wata ba.