Gizo Ba Shi Da Fuska

Duk wanda ya tashi a Ƙofar Dumi cikin birnin Bauchi ya san cewa da zarar damina ta sauka, yara kan ɗebo yumɓu su zauna gindin katanga suna gina doki da mahayinsa, ko sa mai tozo, su shanya a rana. In kaka ta yi kuwa, sai a koma karan dawa, a ƙera mota da 'yar tsana. Ba wanda ya kai su makaranta don wannan. Amma abin da yaran nan ke yi don wasa, shi ne waɗansu ƙasashe suka mayar sana'a mai kawo dukiya.

A shekarar 1964 kamfanin Hasbro na Amurka ya fito da wani ɗan soja na roba mai suna G.I. Joe, tsawonsa kusan inci 12, wanda ake iya lanƙwasa hannuwansa da ƙafafunsa. Da yake an san yara maza ba za su yarda a ce suna wasa da 'yar tsana ba, sai aka ba irinsa wani suna dabam mai nuna jarumtaka. A 1982 kamfanin Mattel ya fito da He-Man, a 1983 kuma aka yi masa majigin zane don yara su san labarinsa. A 1984 sai ga Voltron, wanda asalinsa zanen Japan ne na 1981, aka kuwa nuna shi a talbijin ɗin ƙasar nan. Zakuna biyar ne ke haɗuwa su zama ƙato ɗaya: baƙin shi ne ƙirji da kai, ja da kore hannuwa, shuɗi da rawaya ƙafafu.

Yaran wancan zamani yanzu sun zama magidanta, su ne kuma ke sayen waɗannan kayan su adana, ba don wasa ba, sai don tunawa da ƙuruciya. Wanda ba a taɓa buɗe kwalinsa ba ya fi tsada. Saboda irin waɗannan masu saye ne kamfanin LEGO ya sake fito da Voltron a 2018, mai ɓangarori 2,321.

To, aikin ba shi da sauƙi, domin zane a takarda yana iya yin ƙarya, amma abin da za a riƙa a hannu ba ya iyawa. Kunnuwan Mickey Mouse, wanda ya bayyana a 1928, kullum a kewaye ake ganinsu duk inda ya juya kansa, alhali in aka sassaƙa shi aka dube shi ta gefe, sai su zama kamar faifai a tsaye. Don haka tilas maƙeri ya fara zana gaba da gefe da baya, sa'an nan ya gina samfuri da yumɓu ko kakin zuma, ko a kwamfuta kamar yadda aka fi yi yanzu. Sai ya yanka shi wuya da kafaɗa da gwiwa, ya sa gaɓoɓi, ya tabbata yana tsayuwa da ƙafafunsa. Bayan haka ake yin mazubi na ƙarfe, a ɗura narkakkiyar roba, a yi fenti. Kafin duk wannan kuwa sai an biya mai zanen asali kuɗin izini, in ba haka ba sata ce.

Nan ne maganar ta shafi gida. Ba a rasa gwanaye a tatsuniyoyin Hausa ba: ga Gizo, ga Ƙoƙi, ga Botorami, ga Dodo. Amma in aka tara yara goma na Ƙofar Dumi aka ce kowa ya gina Gizo, siffa goma za a samu. Wani ya yi shi da ƙafa takwas, wani ya yi mutum mai hula. A bakin kaka wannan ba aibu ba ne, amma a kasuwa ba a sayen fuskar da ba a sani ba. Ashe aikin farko na masu zane ne, ba na masu roba ba. Sai an ga Gizo a littafi da jarida da majigi shekara da shekaru da kama ɗaya, kafin yaro ya hango shi a kanti ya kira sunansa.

Ba abu ne da ya gagara ba. A Legas, Taofick Okoya ya soma yin 'yan tsana masu suna Queens of Africa a 2007, cikinsu har da mai wakiltar Bahaushiya. Game da addini kuma, an ruwaito cewa Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ta yi wasa da 'yan tsana, malamai da yawa kuwa sun yi rangwame ga kayan wasan yara saboda haka. Na babba da zai jera a ɗaki don ado hukuncinsa dabam ne, wajibi ne mai niyya ya tambayi masana tukuna.

Hausawa sun ce da icce mai kama ake ƙota. Hannun gini yana nan a Ƙofar Dumi, labari kuma yana nan wurin tsofaffi. Saura mai alƙalamin da zai ba Gizo fuska tun kafin yara su manta da shi. Allah Ya kawo shi.