Wa ya zaɓi abin da ake gani?

Da dare, bayan an ci tuwo, mutane sukan taru gaban tele. A Maraɗi, da Damagaram, da Tawa, da Yamai, gidaje da yawa suna da parabol. Wanda ba shi da ita yana kallo cikin salula. Cikin shirye-shiryen da ke zowa daga waje akwai wani iri wanda ake ce ma «télé-réalité» da Faransanci, wato talabijin na gaskiya.

Ga yadda ake yin shi. Ana tara samari da ƴan mata cikin gida ɗaya, a rufe ƙofa. Ba su da rediyo, ba su da jarida, ba su da waya. Kamera tana ɗaukar su dare da rana. Kowane mako ana fid da mutum ɗaya, kuma masu kallo ne ke zaɓe. Wanda ya saura a ƙarshe shi ke cin kyauta.

An fara shirin Big Brother a ƙasar Holan cikin shekara ta 1999, ƙarƙashin wani mai suna John de Mol. A 2001 gidan talabijin na M6 ya kawo irinsa a Faransa, da sunan Loft Story. A 2003 aka yi na Afirka a ƙasar Afirka ta Kudu, da mutum 12 daga ƙasashe 12. Wata ƴar Zambiya, Cherise Makubale, ita ta ci. Najeriya ta yi nata a 2006.

Ra'ayin masu kallo ya rabu. Waɗansu suna cewa: «Gani ya kori ji. Mutanen nan ba ƴan wasa ba ne. In sun yi kuka, kukan gaskiya ne. In sun yi faɗa, faɗan gaskiya ne.» Waɗansu kuwa suna cewa: «Duk ƙarya ce, an rubuta musu abin da za su faɗi.» Iyaye da yawa ba ruwansu da wannan gardama. Su dai abin da ya dame su shi ne rashin kunya da suke gani a ciki, sai su kashe tele.

Na farko sun yi saurin yarda. Na biyu sun yi saurin ƙaryatawa. Mutanen da ke cikin gidan mutane ne na gaske, hawayensu ma na gaske ne. Amma labarin da mai kallo ke gani, wani ne ya ɗinka shi.

Ɗan lakwal yana iya gane wannan da lissafi. A gidan Loft Story an kafa kamera 26. Yini da kwana awa 24 ne. In aka ninka 26 sau 24, za a samu awa 624 na hoto kowace rana. Abin da ake nunawa da marece kuwa bai kai awa 1 ba. Ina sauran? An zubar. Akwai ma'aikata da ke zaune cikin wani ɗaki, suna yankewa, suna haɗawa, kamar tela da ƙyalle. Yarinya tana iya yini tana shara, tana dafuwa, tana dariya da kowa. In ta yi fushi na minti 2, fushin nan za a nuna. Gobe duk gari ya ce mata masifaffiya.

Tun kafin a buɗe ƙofa ma an fara zaɓi. Dubban mutane ke neman shiga, a ɗauki kaɗan. Ana neman mai surutu, da mai saurin fushi, da mai saurin kuka, a haɗa su wuri ɗaya. Ruwa ba ya tsami banza. Wanda ya ɗaure raguna biyu a turke ɗaya ya san za su yi karo.

Wannan magana ta kai gaban alƙalai. Ran 3 ga watan Yuni 2009, babbar kotun Faransa ta yanke hukunci bisa wani shiri irin wannan na gidan TF1. Kotu ta duba, ta ga masu shirin ne ke sa lokacin barci da lokacin tashi. Su ke hana fita, su ke hana magana da mutanen waje. Har akwai wuraren da aka sa mutane su maimaita don a sake ɗauka. Sai kotu ta ce waɗannan mutane ma'aikata ne, aiki suka yi. Rayuwar da ake maimaitawa gaban kamera ba rayuwar yau da kullum ba ce.

Saura maganar talla. Kafin shiri ya fito, ana nuna guntunsa sau da yawa a rana: ga wani ya daka tsawa, ga wata ta fashe da kuka, sai a yanke. Mai kallo ya ƙagara dare ya yi. In mutane sun taru da yawa, masu sabulu da masu lemu suna biyan kuɗi mai yawa don a nuna kayansu a tsakiyar shirin. Don haka faɗa yana da riba ga gidan talabijin, zaman lafiya kuwa ba ya tara jama'a.

Zaɓen ma sau da yawa na kuɗi ne. Ga misali: a ce saƙo ɗaya dala 20 ne. In mutum 100.000 suka aika, an tara jika 10.000 cikin dare ɗaya. Mutum ɗaya yana iya aikawa sau goma. Shi ke nan, mai kuɗi ya fi talaka murya. Yaron da ya kashe kuɗin kayensa don ya ceci wani baƙo daga kora, wa ya ƙaru da shi?

Waɗanda suka shiga gidan su ma abin tausayi ne. Mutum ɗaya ke cin kyauta. Sauran suna komawa gida da sunan da masu yanke hoto suka ba su, mai kyau ko maras kyau. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

A shekarun 1980, wasan kwaikwayon Yazi Dogo da abokansa na Damagaram ya yi suna a Nijar. Kowa ya san wasa ne. Wanda ya fito a ɓarawo, ba mai kiran shi ɓarawo a kasuwa. Wasan kwaikwayo yana faɗin sunansa tun farko. Shirin da ke kiran kansa gaskiya, alhali an tsara shi, shi ya fi bukatar a yi hattara da shi.

Kashe tele kaɗai bai isa ba, don yaron da aka hana a gida zai gani wurin maƙwabta. Abin da ya fi shi ne ya koyi kallo kamar yadda ya koyi karatu. In mushe ya ba da labari a aji, yakan tambaya: wa ya rubuta, kuma don mi? Haka ya kamata ɗan lakwal ya yi gaban tele. Ya tambayi kansa wa ya zaɓi wannan hoto, mi aka yanke, kuma aljihun wa kuɗin ke shiga. In ya samu amsa, sai ya ajiye dalarsa ya sayi alƙalami.

Tambayoyi

1. A wace ƙasa aka fara Big Brother, kuma a wace shekara?
2. Don mi kotun Faransa ta ce masu shiga shirin ma'aikata ne?
3. Cikin wannan karatu, wa ne kura, wa ne gardi?