Wanda Bai San Lungu Ba, Ina Shi Ina Daji?

Ranar wata Asabar cikin hutun da ya wuce, mu huɗu daga cikin masu shirya wannan mujalla muka tashi zuwa cikin birni domin yi wa wani abokin karatunmu ta'aziyyar mahaifinsa. An yi mana kwatance tun da dare: ku shiga ta Ƙofar Na'isa, in kun wuce masallaci na biyu ku yi arewa, gidan yana bayan wata tsohuwar rijiya. Dukkanmu mun kusa kammala digiri, biyu daga cikinmu ma haifaffun Kano ne, kuma kowa da wayarsa mai taswira a aljihu. Sai da muka yi fiye da sa'a guda muna bulayi, muna dawowa bakin zaure ɗaya, har mai gidan ya fara yi mana kallon tuhuma. Wayar kuwa sai ta nuna mu a tsakiyar wani farin fili wanda babu ko layi ɗaya a jikinsa. Daga ƙarshe wata yarinya mai tallar ƙosai, wadda ba za ta wuce shekara 8 ba, ita ta shige gaba muka bi ta zugui-zugui, cikin 'yan mintoci ta tsayar da mu a ƙofar gidan.

Mun yi dariya a hanyar dawowa, amma da muka zauna muka ga abin ba na dariya ba ne. Saboda haka, tun da majalisar ƙungiyar ɗalibai tana shirin zama a kan kasafin wasanni na bana, muka ga ya dace mu kawo mata maganar wani wasa da ba a yi a nan, wanda mu a ganinmu mun fi masu shi bukatarsa.

Wasan shi ne tseren taswira, watau neman hanya da taswira da kamfas. A ƙarshen ƙarni na 19 sojojin ƙasar Suwidin suka fara horar da kuratansu ƙetare ƙasar da ba su sani ba ta wannan hanya. A 1897 aka yi gasar farko ta farar hula a Norwe, a 1961 aka kafa ƙungiyarsa ta duniya, a 1966 kuma aka yi gasar duniya ta farko a Finlan. Amma wadda ta fi jan hankalinmu ita ce gasar O-Ringen ta Suwidin, wadda aka fara a 1965. Kwana biyar ake yi ana tsere, kowace rana da dajinta da taswirarta, kuma a 1985 waɗanda suka shiga sun haura 20,000, yara da tsofaffi, maza da mata.

Ga yadda ake yi. Ana sakin 'yan tsere ɗaya bayan ɗaya, da tazarar minti ɗaya ko biyu, don kada wani ya bi sawun wani. Sai a bakin tashi ake miƙa wa mutum taswirarsa. A jikinta an zana da'irori masu lamba, kowace da'ira tana nuna wurin da aka kafa wata 'yar tuta mai fari da ruwan lemo: bayan wani dutse, ko cikin wani ɗan kwari, ko gindin wani tudu. Tilas ne ya je wa kowace tuta bi da bi, ya buga shaida, amma hanyar da zai bi tsakanin tuta da tuta ruwansa ne. A manyan gasa santimita 1 a takarda daidai yake da mita 150 a ƙasa. Fari a taswirar yana nufin dajin da za a iya gudu a cikinsa, kore sarƙaƙiya, rawaya fili, shuɗi ruwa, baƙi duwatsu da hanyoyi. Akwai kuma siraran layuka masu ruwan ƙasa waɗanda suke nuna hawa da gangara, tsakanin layi da layi galibi tashin mita 5. An hana amfani da waya ko wata na'ura mai nuna wa mutum inda yake. Mu da muka tashi da cewa matambayi ba ya ɓata, to a nan babu wanda za a tambaya.

A daji mai wuya, inda tudu ya yi kama da tudu, kwari ya yi kama da kwari, ƙarfin ƙafa ba ya fid da mutum. A kowace tuta sai ya yanke shawara yana haki: ya yanke ta cikin sarƙaƙiya, ko ya zaga ta turba mai nisa wadda ba ta da ruɗani? Sau da yawa mai zagayen ne yake riga isa. Babban kuskuren da masanan wasan suka fi tsoro kuwa shi ne wanda za mu kira kama da wane. Mutum ya shiga kwarin da yake kusa da wanda yake nufi, ya ga dutse a dama kamar yadda takarda ta ce, ya ga fadama a gaba, sai ya saki jiki. Can sai ya tarar da rafi inda bai kamata a ga rafi ba. Mai hankali a nan zai tsaya cik, ya yarda ya ɓata, ya koma wuri na ƙarshe da ya tabbata da shi, ko da hakan zai ci masa minti biyar. Amma yawancin mutane ba haka suke yi ba. Sai su ce ai mai zanen taswira ne ya manta da rafin, su ƙara mai, su yi ta lanƙwasa ƙasa don ta dace da abin da yake cikin kansu, har su yi asarar rabin sa'a. Duk wanda ya taɓa zama a wani kwamiti, na ɗalibai ko na gwamnati, ya san wannan hali ba a daji kaɗai ake ganinsa ba.

Hikimar yin gasar kwanaki da yawa ita ce ana tara lokacin kowace rana. Wanda ya yi ɓarna ran farko zai kwana da ita, ya tashi da ita, ya sake shiga daji da ƙafafu masu tsami da zuciya mai gaggawar ramawa, alhali gaggawar nan ita ce take haifar da ɓarna ta biyu. A rana ta ƙarshe akan saki na gaba da farko, sauran su bi shi gwargwadon tazarar da ya ba su, wanda duk ya fara isa shi ya ci.

Mun san za a ce wannan wasan Turawa ne, masu ƙoshi. Taswirar da kamfas ɗin lalle daga waje suka zo, amma sanin hanya ba baƙonmu ba ne. Fataken Kano sun yi ɗaruruwan shekaru suna zuwa Gwanja sayen goro, tafiyar watanni, madugu yana riƙe da ayari, jagaba yana gaba yana duba turba da mashaya da zango. Ayarin Azbinawa yana ratsa sahara zuwa Bilma ɗaukar gishiri da taurari da duwatsu a matsayin alama. Baturen Jamus Eduard Flegel, wanda sunansa ya shiga littattafai a kan binciken Binuwai da Adamawa, Bakano ne ya yi masa jagora, Madugu Muhamman Mai Gashin Baki, wanda har Balin ya je tare da shi a 1884. Har yau in ka je ƙauye, tsohuwa za ta ce maka matsa gabas kaɗan, ko ajiye tulun a kudu da rumbu, domin kusurwoyin duniya suna cikin kanta ko a ɗaka take. Mu da aka kashe wa kuɗi muka yi boko mu ne muka zubar da na gida, na Turawan kuma muka haddace shi don jarrabawa muka bar shi a aji.

To ina za a yi? A jihar Kano babu dajin da ya dace da irin wannan gasa kamar Falgore, can kudu a kan hanyar Jos, wajen Tudun Wada da Doguwa, inda Kogin Kano ya ratsa, ga duwatsu, ga kwazazzabai, ga kurmi a bakin rafuka. Sai dai ba za mu ruɗi kanmu ba. Dajin nan ya daɗe yana zama maɓoyar ɓarayin shanu da masu satar mutane, har ta kai a 2017 sojoji suka mai da wani sashensa wurin horo. Babu shugaban ɗalibai mai hankali da zai saki 'ya'yan mutane ɗaya-ɗaya a cikinsa, kuma mu ba mu nemi haka ba. Abin da ya kamata mu lura da shi kawai shi ne, waɗanda suka gagare mu a dazuzzukan Arewa ba su fi mu ilmi ba, sun dai fi mu sanin ƙasa. Kowace turba da kowace mashaya a tafin hannunsu take, mu kuwa masu shirin zama hafsoshi da manyan ma'aikata ba mu iya fita daga unguwar da aka haife mu ba.

Saboda haka mu fara daga inda muke. Tsohon matsugunin Jami'ar Bayero titi kawai ya raba shi da badala, a bayan badalar nan kuwa akwai filin gasar da ƙasashe da yawa za su yi sha'awar samu. A 2014, da aka yi gasar duniya a Italiya, cikin lungunan birnin Benis aka yi gajeren tseren, saboda ruɗanin lungu gwaji ne na sosai. Wanda ya taɓa neman hanya daga Kasuwar Kurmi zuwa Madabo ba tare da ya fita titi ba, ko daga Yakasai zuwa Alfindiki, ya san lungunanmu ba su da abin jin kunya a gaban na kowa. Wani lungun ya miƙe kamar zai fita sai ya mutu a ƙofar gida, wani kuma ka ɗauka zaure ne ashe hanya ce. Ga Dala da Gwauron Dutse ga mai son hawa. Muna ba da shawarar gasar kwana uku: ranar farko cikin lunguna, ta biyu a bi ƙofofi daga Kansakali zuwa Kabuga, Dukawuya, Gadon Ƙaya har Ɗan'agundi, ta uku a fita zuwa duwatsun ƙasar Rano, da izinin hakimi da rakiyar mafarautan wurin. Falgore sai ranar da hukuma ta ce an samu lafiya, kuma muna so ranar ta same mu da waɗanda suka iya.

Ba za a yi gasa ba sai da taswira, kuma a nan ne babban amfanin yake. Taswirorin gwamnati da muke karatu da su, da yawansu daga hotunan jirgin sama na shekarun 1950 da 1960 aka zana su. Ta tseren lungu kuwa tana bukatar santimita 1 ya tsaya a madadin mita 40, a sa kowane lungu da kowace kwata da kowace rijiya, kuma babu mai yin wannan sai wanda ya taka da ƙafarsa. Heinrich Barth, baƙo ne, ya zo Kano a 1851, ya hau Dala ya dubi gari, ya zana taswirarsa har da Jakara. Ganuwar da ya gani, wadda tarihin Kano ya ce Sarki Gijimasu ya fara ginawa wajen ƙarni na 12, Muhammadu Rumfa ya faɗaɗa a ƙarni na 15, zagayenta ya haura mil 10. A 2007 aka sa ta cikin jerin wuraren da Nijeriya take neman UNESCO ta amince da su. Yau a wurare da yawa sai an nuna maka inda take a da, domin an yanka ta filaye, an kwashe ƙasarta, an yi shaguna. Ɗalibin da ya bi layinta da fensir yana rubuta nan akwai, nan babu, ya bar wa na baya shaidar da ba a iya musunta ta.

Ga 'yan'uwanmu matasan ma'aikata, musamman na ofisoshin ƙasa da safiyo da tsara gari, wannan magana ta fi shafarku. Kududdufan birni ba ado ba ne. Daga cikinsu aka haƙi ƙasar gina gidaje, su kuma suke shanye ruwan damina. An cike da yawansu an yi gini, ruwa kuwa bai san takardar mallaka ba, gangara kawai yake bi, shi ya sa kowace damina ake jin gidaje sun rushe. Siraran layukan nan masu ruwan ƙasa da ɗan tsere yake karantawa yana gudu, su ne dai suke gaya wa ma'aikaci inda ruwa zai bi. Wanda bai taɓa jin gangara a gwiwarsa ba, da wuya ya gan ta a fayil kafin ya sa hannu.

Akwai sharuɗɗa, kuma gara mu faɗe su da kanmu kafin a faɗa mana. Cikin birni gidajen mutane ne, ba filin makaranta ba. Ba za a kafa tuta a ƙofar kowa ba sai an je an gai da mai unguwa an nemi izini. Ba za a yi gudu lokacin salla ko lokacin tashin makarantun allo ba, ba kuma da gajeren wando ba. Inda lungu ya ƙuntata, tafiya za a yi. 'Yan'uwanmu mata kuma a ba su rukuninsu tun daga farko, kada a ce sai baɗi. Simone Niggli ta ƙasar Suwizalan ta ci zinare 23 a gasar duniya, babu namijin da ya kamo ta. Mun kuwa riga mun faɗi wadda ta fid da mu ran ta'aziyya.

Game da kuɗi, abin da ake bukata bai kai na rigunan 'yan ƙwallo ba: kamfas kamar 30, yadin tutoci, takarda da ladan buga taswira, sai motar rana ta uku. 'Yan Man O' War da tsofaffin 'yan sikawut da suke cikinmu sun riga sun san riƙon kamfas, sashen nazarin ƙasa kuma yana da malaman da za su duba zane. Muna roƙon majalisa ta ware wannan ɗan kaso a zamanta mai zuwa, ta naɗa kwamitin mutum biyar, a sa ɗan cikin birni aƙalla ɗaya wanda dattawan unguwa suka san mahaifinsa.

Mu dai ba za mu jira kasafi ba. Asabar ta farko bayan jarrabawa, da hantsi, za mu haɗu a Ƙofar Dukawuya mu fara zana unguwa ɗaya. Mai zuwa ya zo da fensir da allon dafa takarda da takalmin da ba ya jin tausayinsa. Wayoyi za a tara su a jaka ɗaya a bakin ƙofa.