Ƙarfi Ba a Cikin Gwangwani Yake Ba

Wata sabuwar ɗabi'a ta shigo birnin Kano har ta iso mana Soron Ɗinki, kuma a ganina shirun da ake yi a kanta ya isa haka. Samarinmu masu ɗaga ƙarfe sun yarda cewa ƙwanji ba ya fitowa sai da garin furotin na gwangwani, wanda ake shigowa da shi daga Amurka da Turai. Motsa jiki abin yabo ne. Abin da nake suka shi ne saurayi ya wuni a kan keken ɗinki, ya tara guminsa na makonni, sa'an nan ya miƙa wa mai kanti don ya sayi abin da ke cikin tukunyar mahaifiyarsa.

Mene ne a cikin gwangwanin? Galibinsa ruwan da ke saura ne bayan an cire cuku daga madara, aka tace shi, aka busar, aka ƙara masa zaƙi da ƙamshi. Awo guda na garin yana ɗauke da furotin kimanin giram 24, wato daidai da ƙwai huɗu. Tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023, duk abin da ake sayowa da dala ya yi tashin gwauron zabo, amma saurayin da ke kukan tsadar ƙwai bai fasa cin bashi don gwangwani ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa baligi yana buƙatar giram 0.83 na furotin a kan kowane kilo na nauyinsa a kullum. Masana abincin 'yan wasa sukan ɗaga adadin zuwa giram 1.2 har 2 ga mai motsa jiki sosai. Ke nan saurayi mai kilo 70 da ke ɗaga ƙarfe yana neman tsakanin giram 84 da 140. Shin ƙasar da ta fi kowace ƙasa noman wake a duniya ce za ta kasa ciyar da shi? A giram 100 na busasshen wake akwai furotin wajen giram 23, a gyaɗa 25, a waken suya 36. Ga awara a kowane lungu, ga ƙuli-ƙuli wanda matse mansa ya ƙara masa yawan furotin, ga kindirmo, ga kifi, ga buhuna jibge a Dawanau. Garin da duniya ta san shi da dalar gyaɗa bai kamata 'ya'yansa su riƙa bara a ƙofar baƙi ba.

Masu tallan gwangwani sukan ce furotin ɗin tsiro bai cika ba. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar, domin hatsi yana da ƙarancin wani sinadari da wake ke da shi a yalwace, wake kuma yana da ƙarancin wanda hatsi ke da shi. To, amma wa ke cin wake shi kaɗai? Garau-garau shinkafa ce da wake, ƙosai kuwa abokin koko ne, fura kuma da nono ake dama ta. Iyayenmu mata sun daɗe da haɗa abin da ɗakin bincike ya zo ya tabbatar daga baya.

Inda gyara yake shi ne awo. Kwanonmu tuwo ya cinye shi, nama ko kifi sai ɗan yanki kamar na ado. Tela ba ya yanka yadi sai ya auna mai riga, kuma mu da sunan unguwarmu ya fito daga ɗinki mu ya fi cancanta mu san haka. A raba abin da jiki ke buƙata gida uku ko huɗu: ƙwai uku da safe, wake da rana, kifi ko nama mai faɗin tafin hannu da dare, kofin kindirmo da awara a tsakani. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. A rage suya cikin mai, a guji gyaɗar da ta yi fumfuna, mai ciwon ƙoda kuwa ya bi awon likita.

Babban abin tsoro shi ne abin da ke biyo bayan gwangwani. Wanda ya yarda cewa ƙarfi sayensa ake yi, gobe zai karɓi allurar kumbura tsoka ko ƙwayar sha-ka-fashe, alhali irin waɗannan magunguna suna iya lahanta zuciya da hanta, su haddasa hawan jini. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Saboda haka ina kira ga masu horar da samari su koyar da awon abinci kamar yadda suke koyar da ɗaga ƙarfe, hukumar NAFDAC kuma ta sa ido a kan abin da ake sayarwa a bayan kanta. Kai kuwa ƙanena, ka riƙe kuɗinka, ka kai cefane gida, domin tukunyar da za ta gina ka za ta gina ƙannenka ma.