Waya Mowa, Kwamfuta Bora

Jama'a, kowa ya san gidan da aka yi amarya aka manta da uwargida. To, haka wasu kamfanoni suka yi wa kwamfutar tafi-da-gidanka tun da wayar hannu ta shigo.

A watan Janairu 1997 babu wanda zai yarda da wannan magana. Amma a Janairun 2007, ranar da Steve Jobs ya nuna wa duniya iPhone, a ranar ce ya cire kalmar kwamfuta daga sunan kamfaninsa, ya bar Apple kawai. Sony kuwa a 2014 sai ya sayar da sashensa na VAIO ɗungum. Dalili ba ɓoyayye ba ne. Waya ce ke kawo wa Apple wajen rabin kuɗin shigarsa, kwamfuta ko kashi ɗaya cikin goma ba ta kawowa.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, da suka waiwayo ta, sai suka so ta yi kama da waya, watau siririya kamar faifai. Daga 2015 suka sa wa MacBook wasu madannai waɗanda ƙura kaɗan ke maƙale su, harafi ya ƙi fita ko ya fita sau biyu. A 2016 suka toshe ramukan da ake sa filashi. Sai 2020 suka gama sauya madannan, a 2022 kuma suka yarda su biya masu ƙara a Amurka dala miliyan 50.

Wani zai ce, ina ruwan ɗan Kakuri ko Barnawa da rigimar Amurka? Da ruwanmu ƙwarai. Galibinmu sabuwa ta fi ƙarfin aljihun iyayenmu, ta hannu ake saya mana, wadda Bature ya gaji da ita. Ke nan waɗancan na shekarun sakaci su ne ke sauka a shagunanmu, kuma ba wanda zai biya mu ko kwabo. Abin da ƙurar ofis ta kayar, ina zai kai da hunturun Kaduna?

Kuma mu ne muka fi bukatarta. Tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya. Na ga ɗan ajinmu, gwanin latsa waya da babban yatsa, ya zauna gaban madannai yana neman harafi kamar mai tsintar tsaba. Ba laifinsa ba ne, abin da aka tallata masa ya koya.

Gaskiya, Apple ya gyara daga baya, ya mayar da wasu ramukan a 2021. Amma kafin waɗannan su yi arha a Sabon Tasha, mun bar makaranta.

Saboda haka ina roƙon iyayenmu, in za ku saya mana, kada sirantaka da ƙyalli su ruɗe ku. Ku tambayi shekarar da aka ƙera ta, ku ƙirga ramukanta, sannan ku sa mai shago ya danna kowane harafi a gabanku, daga na farko har na ƙarshe.